Ejan Ne Ya Cike, Amma Sunan Wa Ke Kai?

 

Wataƙila wasu a cikinmu ba su manta da abin da ya faru ranar Litinin 13 ga Nuwamba, 2023 ba. Jirgin kamfanin Air Peace da ya kwashi fasinjoji daga Legas da Kano ya sauka a filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda ɗauke da mutum 264, kowa da fasfonsa, kowa da bizarsa. Sai da suka sauka jami'an shige da fice na Saudiyya suka sanar da su cewa an soke bizar. Daga ƙarshe aka bar mutum 87 suka shiga, sauran 177 kuwa aka juyo da su gida. Ma'aikatar harkokin wajen Najeriya ta ce 18 daga cikinsu dama an haramta musu shiga ƙasar saboda laifukan baya. Ofishin jakadancin Saudiyya a Abuja shi ma ya fitar da tasa sanarwar, inda ya ce waɗanda aka mayar sun bayar da bayanan da ba daidai ba ne domin su sami nau'in bizar da bai dace da su ba, kuma sai da suka isa aka gano hakan.

A ranakun nan babu irin maganar da ba a yi ba, a Facebook da majalisun unguwa. Wasu suka ce wulaƙancin da aka saba yi wa ɗan Najeriya ne, wasu suka ce makirci aka ƙulla wa kamfanin jirgin don a kore shi daga hanyar Jidda. Bayan 'yan kwanaki wani labarin ya taso aka koma kansa. Mu dai abin da ya tsaya mana a rai tun lokacin shi ne cewar da aka yi matafiyan ne suka bayar da bayanan. Duk wanda ya san yadda ake tafiya Umara ko ziyara daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ya san da wuya ka sami matafiyin da ya zauna gaban kwamfuta ya cike fom da hannunsa. Fasfo ake miƙawa da hoto da kuɗi, a koma gida a jira kira. Abin da aka rubuta a tsakani, tsakanin ejan ne da na'urarsa. Amma ranar da za a tsaya gaban jami'in da ke duba fasfo, ejan yana shagonsa yana karɓar wasu fasfunan, mai suna ne a tsaye.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, mu da Allah Ya sa muka ɗan taɓa boko. A kowane gida akwai wanda ake aika yaro ya kira idan takarda ta zo, kuma tun muna shekarar farko a kwalejin kimiyya da fasaha wannan muƙami ya faɗo kanmu ba tare da an yi zaɓe ba. Mu ne na cike fom ɗin JAMB na ƙanne, mu ne na gyaran NIN ɗin Baba, mu ne na neman tallafin gwamnati duk lokacin da aka ce an buɗe shafi. Difloma ba ta ba yawancinmu aikin ofis ba, amma ta mai da mu idon gida. To ta wannan hanya ce muka fara ganin irin abin da ake rubutawa da sunan mutane ba su sani ba.

Muna da wata gwaggo mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta yi shekaru tana zubin adashi da burin ta yi azumin goman ƙarshe a Makka ko sau ɗaya ne a rayuwarta. Aka haɗa ta da wani mai harkar biza wanda ya ce yana da hanya mai sauri kuma mai rangwame. Bayan 'yan makonni ya ba ta takardu, ta naɗe su a leda tare da fasfo ta sa a ƙasan akwati. Wata rana da yamma ta fito da su ta ce, "Ku 'yan boko, ku duba mini ku ga ko ranar tafiyar ta fito." Muka duba. Bizar ta ziyarar kasuwanci ce, wani kamfani ne wai ya gayyace ta, kuma a cikin takardun har da wasiƙa mai tambari da ke gabatar da ita a matsayin manajar sayayya ta wani kamfanin na nan gida. Da muka fassara mata, ta yi shiru ta ce, "Ni? Kamfanin wa? Ni da ko sa hannu sai dai in dangwala?"

Washegari ta sa babban ɗanta ya raka ta wurin mutumin. Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, ai kowa haka ake yi masa, babu mai tambayarki komai." Ta ce, "To in aka tambaye ni fa, ɗan nan, in ce musu me?" Bai da amsa sai dai ya ce ta bar wa Allah. Ta ce don Allah ɗin za ta je, ba za ta je maSa da sunan manaja ba. Ƙarshenta dai ta fasa, wani ɓangare na kuɗinta ya maƙale, shekarar nan ba ta je ba. Unguwa ta rabu biyu a kanta. Wasu suka yaba, wasu suka ce ta yi wa kanta, domin waɗanda aka yi wa irin takardar tare da ita sun je sun dawo lafiya har da tsarabar dabino. Kuma gaskiya ne sun je sun dawo. Wannan shi ne jarin masu wannan sana'a: mutum goma su wuce a yi ta ba da labarinsu, na sha ɗaya da aka juyo da shi kuwa kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba.

Abin da ya kamata mu fara fahimta shi ne mece ce ita kanta biza. Da yawanmu muna ɗaukarta kamar kayan da mutum ya saya, tunda ya biya kuɗi ta zama tasa. Alhali izini ce da wata ƙasa ta ba ka bisa abin da ka faɗa mata game da kanka: ko kai waye, me za ka je yi, da me za ka ci, yaushe za ka dawo. Idan abin da aka ɗora ta a kai ya rushe, ita ma ta rushe, ko da tana manne a fasfo, ko da ka riga ka shiga ƙasar ka kama haya. Kuma ko lafiyayyar biza iyakarta ta kai ka bakin ƙofa, jami'in da ke filin jirgi shi ke da maganar ƙarshe. Saudiyya tana da bizar Hajji, da ta Umara, da ta ziyarar dangi, da ta kasuwanci, da ta aiki, da ta yawon buɗe ido da aka fara bayarwa a 2019, kowace da sharuɗɗanta da irin mutanen da ta dace da su. Mai son ya shigar da kai ta ƙofar da ba taka ba, dole sai ya ƙirƙira maka labarin da ba naka ba.

Wasu ƙasashen sun rubuta wannan magana ƙarara a dokokinsu, har kamar da ejan ɗinmu suke. Dokar shige da fice ta Ostireliya ta 1958, a sashe na 98, ta ce wanda wani ya cike masa fom ana ɗauka shi ne ya cike da kansa. Sashe na 101 ya wajabta a amsa kowace tambaya daidai, sashe na 109 ya ba da ikon soke bizar wanda ya saɓa, sashe na 111 kuma ya toshe ƙofar uzuri, ya ce abin yana aiki ko da gangan aka yi ko bisa kuskure. A Kanada sashe na 40 na dokarsu ya haɗa da wanda ya ba da bayanin ƙarya kai tsaye da wanda ya bayar ta hannun wani, hukuncin kuma haramcin shekara 5 ne. Birtaniya tana iya rufe wa wanda ya yi yaudara a neman biza ƙofa har shekara 10. Amurka ta fi kowa tsanani: idan aka tabbatar mutum ya yi ƙarya da gangan a kan abin da ke da tasiri wajen ba shi biza, haramcin na har abada ne, sai fa in ya dace da wani sassauci na musamman wanda samunsa ke da wuya. Har takardar zama ɗan ƙasa ana iya ƙwacewa a Amurka da Birtaniya da Kanada idan ta tabbata da yaudara aka same ta.

Waɗanda aka juyo da su daga Jidda a rana ɗaya suka ga sakamakon abin. Akwai waɗanda nasu sai da ya yi shekaru yana jiransu. A farkon 2023 labari ya fito daga Kanada cewa ɗaruruwan ɗalibai 'yan Indiya, kafafen yaɗa labarai suka ce kimanin 700, suna fuskantar barazanar a tasa ƙeyarsu gida. Yawancinsu daga jihar Punjab suke, kuma sun shiga Kanada ne tsakanin 2017 da 2019 da takardun samun gurbin karatu da wani ejan mai suna Brijesh Mishra, wanda ke da ofis a garin Jalandhar, ya samo musu. Da suka isa sai ya riƙa ce musu gurbin ya cika, su jira zango na gaba ko su nemi wata kwalejin. Suka nemi wasu kwalejojin, suka biya kuɗi, suka yi karatu, suka gama, suka sami izinin aiki, suka fara tura wa iyaye abin da ya sawwaƙa. Sai da suka nemi izinin zama na dindindin aka koma kan fayil ɗinsu na farko, aka ga takardar da aka ba su biza a kanta ta jabu ce.

Ɗaliban suka yi kwana da kwanaki suna zaman dirshan a gaban ofishin hukumar tsaron iyakoki kusa da Toronto, suna cewa su ma cutarsu aka yi. A watan Yunin 2023 ministan shige da fice na lokacin, Sean Fraser, ya dakatar da korar, ya kafa kwamiti ya duba kowane mutum shi kaɗai, wanda aka gamsu da gaske karatu ya zo yi kuma bai san da maguɗin ba a bar shi ya zauna. A watan nan ne aka kama Mishra yana ƙoƙarin shiga Kanada, a 2024 ya amsa laifinsa aka yanke masa ɗaurin shekara uku. Wani zai ce ai ƙarshen ya yi kyau. Amma a duba abin da ya cece su: suna da yawa, suna da ƙungiyoyi da lauyoyi da 'yan majalisa 'yan asalin yankinsu da suka tsaya musu. Ɗan Gusau ko ɗan Azare da ya tsinci kansa shi kaɗai a irin wannan hali, wa zai yi masa zaman dirshan?

Darasin da muka ɗauka daga labarin nan shi ne ƙaryar takarda ba ta tsufa. Ta baki ana iya mantawa da ita, wanda aka yi wa ma yana iya rasuwa. Ta fom kuwa tana nan a ajiye yadda aka rubuta ta, kuma ba ta tashi sai ranar da mutum ya fi kowane lokaci abin da zai rasa. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. A zamanin kwamfuta ya ƙara ƙurewa, domin da ana canza suna a sake fasfo a koma, yanzu kuwa zanen yatsu ake ɗauka, kuma yatsa ba ya canza suna. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen suna da rumbun bayanai guda, inda ake ajiye zanen yatsun mai nema da sakamakon nemansa na tsawon shekara 5. Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan suna musayar bayanan shige da fice a tsakaninsu. Saboda haka tambayar nan da ke kan fom, ko wata ƙasa ta taɓa hana ka biza, sau da yawa mai tambayar yana da hanyar sanin amsar, so yake ya ji me za ka ce. Hana biza a baya ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifin.

Idan muka dawo gida, gyare-gyaren da ake yi wa mutane ba su da yawa, kuma duk mun san su. Na farko shekaru. Da yawa daga cikin iyayenmu da ma sa'anninmu ba a yi musu rajistar haihuwa ba, shi ya sa rabin unguwa ranar 1 ga Janairu aka haife su a takarda. Ga kuma iyakar shekara 30 ta hidimar ƙasa da iyakokin shekarun ɗaukar aikin ɗamara, waɗanda suka sa takardar rantsuwa ta kotu ta zama kamar keken ɗinki, a rage nan a ƙara can. A nan gida abin yana wucewa. Amma ranar da jami'in wata ƙasa ya jera takardar WAEC da fasfo da shaidar difloma ya ga ranakun haihuwa iri uku, ba zai yi tunanin ƙauyen da babu ofishin rajista ba, tunanin mutum uku zai yi.

Sai batun aure da aiki. Saurayi a rubuta masa mata da 'ya'ya biyu don a nuna yana da abin da zai dawo dominsa, mai aure kuma a rubuta shi gwauro don wata hanyar ta fi sauƙi a haka. Tun 2019 fom ɗin bizar Amurka yake tambayar sunayen da mutum ya yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekara 5 da suka wuce. Ka ce kai manaja ne mai iyali, shafinka na Facebook kuwa cike yake da neman aiki da waƙoƙin begen wadda ba ta amsa ba tukuna. Sai kuma kuɗin banki. Wani abokinmu da muka yi difloma tare yana da shagon buga takardu, ya ce babu watan da zai wuce wani bai zo masa da takardar bayanin asusu ba, ya rage murya ya ce, "Malam, sifili ɗaya kawai za ka ƙara mini." Shi ba ya yi, kuma ya san shago na gaba za a kai. Ofisoshin jakadanci suna iya tuntuɓar banki su tambaya, kuma wanda ya ƙara sifilin ba sunansa ba ne a saman takardar.

Adalci ne kuma mu faɗi ɗaya gefen, domin ba don son ƙarya mutane ke faɗawa wannan rami ba. Kuɗin neman bizar ziyara ta Amurka dala 185 ne tun 2023, na Shengen yuro 90 tun 2024, kuma ko an hana ka ba a mayar maka da ko kwabo. Matashi mai difloma, ba aiki, ba aure, ba gida, ba wani abin kirki a asusu, in ya faɗi gaskiyarsa tsantsa ya san abin da ya fi yiwuwa shi ne a miƙo masa fasfonsa ta taga a ce ya yi haƙuri. Tsarin kansa ya fi yarda da mai shi, talaka kuwa tun kafin ya buɗe baki ana zarginsa da niyyar ɓacewa. A irin wannan yanayi ejan ya zo ya ce ya san abin da suke son ji. Ga gida an sayar da fili ko shanu an haɗa kuɗi, ga ƙanne suna kallo, ga mahaifiya ta fara gaya wa maƙwabta. Wanda bai taɓa shiga wannan matsi ba, kada ya yi saurin zagin wanda ya shiga.

Amma ko a ma'aunin riba da asara aka ɗora, lissafin ejan bai fita ba. Hanawa iri biyu ce. Akwai wadda aka ce ba a gamsu za ka dawo ba, ko kuɗinka bai kai ba. Wannan ciwo ne mai warkewa, domin idan halinka ya canza kana iya sake nema, kuma mutane da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke samu. Akwai kuma wadda aka rubuta a fayil ɗinka cewa ka yi yaudara, ita ce tabon da ke bin mutum. Ɗan shekara 25 da Birtaniya ta rufe wa ƙofa shekara 10, sai ya kai 35. A tsakanin nan yana iya yin babbar difloma, ya yi digiri, ya sami aiki, ya cancanci tallafin karatu irin na Chevening da guminsa, ranar nan kuma takardar da wani ya buga masa cikin minti goma ta tare hanya. Ko a gayyace shi taro da gaske, ko a ce ya raka mahaifi asibiti. Ya sayar da tafiyar gaskiya da ke gabansa don ta ƙaryar da ko tabbas ba ta da shi.

Kuma abin ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. A Ostireliya idan aka soke bizar maigida, ta mata da 'ya'yan da suka samu ta dalilinsa ita ma ta tafi, yaran da ba su san an cike wani fom ba a cire su daga makaranta. Ɗan kuka kuwa shi ke ja wa uwarsa jifa. Duk takardar jabu da aka kama daga wata ƙasa, mai nema na gaba daga ƙasar shi zai biya da ƙarin tambayoyi da ƙarin jira da ƙarin zargi. Bayan abin da ya faru da ɗaliban Indiya, daga 1 ga Disamba, 2023 Kanada ta wajabta wa makarantunta su tabbatar wa hukumar shige da fice da kowace takardar gurbin karatu kai tsaye kafin a ba ɗalibi izini. Kowace ɓaraka da aka gano, ƙofa ƙara matsewa take yi ga kowa, har da masu gaskiya.

To mu da ake kira idan takarda ta zo, me ke hannunmu? Ba mu da ikon sauya dokar wata ƙasa, amma muna iya karatu, kuma a wannan harka karatun shi ne kusan komai. Duk ɗan uwan da zai ba ejan fasfo, mu ce ya sa sharaɗi tun farko cewa sai ya ga abin da aka cike kafin a tura, kuma a ba shi kwafi. Mu zauna mu karanta masa layi bayan layi da Hausa: ga sunan da aka sa maka, ga sana'ar da aka ce kana yi, ga nau'in bizar, ga wanda aka ce ya gayyace ka. Ejan ɗin da ya ce ba a nuna wa mutum fom ɗinsa, ya riga ya gaya maka ko shi waye. Mai zuwa Umara ya bi kamfanin da ke da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ya kuma tabbatar bizar da ke hannunsa ta dace da abin da zai je yi. Mai neman karatu ya rubuta wa makarantar da kansa, ta adireshin da ke shafinta, ya tambaya ko da gaske sunansa na cikin waɗanda ta ɗauka.

Wanda takardunsa suka saɓa wa juna a suna ko ranar haihuwa, ya bi hanyar hukuma ya daidaita su kafin ya nemi biza, inda bai daidaitu ba ya yi bayani da kansa a rubuce. Wanda ya gano kuskure bayan an tura, ya sanar da ofishin tun kafin su gano, domin akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya zo ya gyara da wanda aka kama. Wanda kuma yake can waje aka aiko masa da wasiƙar cewa ana shirin soke bizarsa, kada tsoro ya sa ya kashe waya ya ɓuya. A Ostireliya da Kanada irin wannan wasiƙa dama ce ta kare kai, tana da wa'adi, kuma shiru yana nufin a yanke hukunci ba tare da an ji ta bakinka ba. Lauya mai lasisi a ƙasar ake nema, ba a komawa wurin wanda ya haƙa ramin a ce ya fitar da mutum.

Mun san wannan aiki ba ya jawo farin jini. Za a ce mun cika tsaurara abu, za a ce boko ya sa mana tsoro, wani kawun ma zai ce baƙin ciki muke yi da tafiyarsa. Ejan yana da ofis da kujera mai juyawa da hotunan waɗanda suka tafi, mu kuwa sai waya mai fasasshen gilashi. Duk da haka gara a ji haushinmu a tsakar gida da a kira mu daga filin jirgin wata ƙasa ana kuka. Iyayenmu da suka biya mana kuɗin makaranta da kuɗin gyaɗa da na dabbobi ba su taɓa tambayarmu me muka koyo ba. Mafi ƙarancin abin da za mu saka musu da shi shi ne kada a rubuta komai da sunansu sai sun ji shi da harshen da suke fahimta, su kuma ce e, haka ne.

Wanda ya san wani abu a kan wannan batu, musamman 'yan uwanmu da ke zaune a waje da masu harkar tafiye-tafiye na gaskiya, fili a buɗe yake, a ƙara mana ko a gyara mana. Allah Ya tsare mu da zuri'armu daga hannun macuta, Ya buɗa mana ƙofofin alheri ta hanyar da ba za mu ji kunya ba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.